Takardar zama ɗan Birtaniya ta yi jinkiri: za a iya zuwa gida kafin amsa ta fito?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk sanda azumi ya gabato, ko hutun makaranta na Yuli da Agusta ya matso, tambayar nan sai ta dawo. Mutum ya cike fom ɗin AN na neman zama ɗan Birtaniya, ya biya kuɗi, wata huɗu, wata biyar, har bakwai, Home Office, wato ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, shiru. Ga biki a gida, ga tsoho ba lafiya, ga niyyar Umara. Wasu su ce kana fita an soke takardarka, wasu su ce tafi abinka ba komai. Don Allah waɗanda suka san abin nan su warware mana shi dalla-dalla, domin kuɗin da ke ciki ba ƙanana ba ne. A farashin Afrilun 2025 fam 1,605 ne, da fam 130 na bikin rantsuwa, jimla 1,735.

Bakatsine:
Wa alaikumus salam. Shawarata a takaice: kada a fita. Dokar shige da fice ta ce wanda ya bar ƙasar alhali takardarsa na hannunsu, za a ɗauka ya janye ta. Haƙurin wata shida ya fi asarar kusan fam dubu biyu.

Hajiya Maman Sadiq:
Malam Bakatsine, Allah ya saka da alheri, amma ka haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne, kuma daga nan yawancin ruɗanin yake tasowa. Ƙa'idar da ka kawo gaskiya ce, sai dai ta shafi mai neman sabunta biza ko mai neman izinin zama na dindindin, wato ILR. Shi kam in ya fita daga yankin tafiye-tafiye na bai ɗaya, wanda ya haɗa Birtaniya da Ayalan da Tsibirin Man da tsibiran Jersey da Guernsey, kafin a yanke hukunci, takardarsa ta mutu a ranar da ya fita.

Neman zama ɗan ƙasa ba ya ƙarƙashin waɗannan ƙa'idoji. Yana ƙarƙashin Dokar Ƙasanci ta Birtaniya ta 1981 ne, kuma littafin jagorar fom ɗin AN ya faɗa a fili cewa mai jira yana iya tafiya da fasfonsa na asali da shaidar ILR ɗinsa, ba ma sai ya sanar da su ba. Dalilin mai sauƙi ne. Mai neman ILR izininsa na zama yana rataye da takardar da ke hannunsu. Mai neman ƙasanci kuwa ya riga ya mallaki izinin dindindin, da shi yake fita, da shi yake dawowa. Fasfonsa ma ba ya hannunsu, tunda yanzu hoton takardu ake ɗorawa a intanet ko a ɗauka a cibiyar UKVCAS, inda ake ɗaukar hoto da zanen yatsun masu nema, a miƙo maka abinka.

Don haka jiran ba shi ne haɗarin ba. Wurare uku ne mutane ke faɗawa rami: kafin a ɗauki zanen yatsu, lokacin da gayyatar rantsuwa ta iso, da kuma tsakanin ranar rantsuwa da ranar da fasfon Birtaniya ya shigo hannu. Na ukun ya fi kowanne cin mutane.

Bakatsine:
Na karɓi gyara Hajiya, lallai ta ILR ce na riƙe. Amma ina da sauran magana kan daɗewa a waje, zan dawo kanta.

Ɗan Zazzau:
Bari in ɗauki na farko. Bayan an tura fom a intanet an biya, ana ba mutum kwana 45 ya je a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. A cikin Birtaniya ake yi, a cibiyar UKVCAS, wadda kamfanin TLScontact ke gudanarwa tun Oktoban 2024. Wanda ya tura fom daren Juma'a ya hau jirgi Asabar da niyyar yin wata biyu a Kano ya jefa kansa cikin matsala, don in kwanakin suka wuce ba a ɗauka ba, ana iya mayar da takardar a matsayin wadda ba ta cika ba. Tsarin da ya dace: ka tura fom, ka nemi rana mafi kusa, ka ɗora takardunka tun kafin ranar, ka je a ɗauka, ka adana takardar shaidar ka halarta, sannan ka sayi tikiti. Guraben kyauta suna saurin ƙarewa a manyan birane, don haka a duba cibiyoyin garuruwan da ke kusa kafin a biya na kuɗi.

Wata shidan da Home Office ke cewa za a jira amsa kuma ƙiyasi ne na lokacin da akasari suke gamawa. Ba wa'adi ba ne da doka ta ɗaure su da shi. Wani wata biyu ya samu amsa, wani ya haura shekara.

Maman Khalifa:
Malam Ɗan Zazzau, to me ke sa na wani ya daɗe haka? Miji da mata su tura rana ɗaya, na ɗaya ya fito, ɗayan shiru.

Ɗan Zazzau:
Hajiya, ko da rana ɗaya aka tura, kowane fayil da binciken da ake yi masa, kuma ba lallai ma'aikaci ɗaya ne ke riƙe da su ba. Abubuwan da suka fi kawo tsaiko sanannu ne.

Na farko masu tsaya maka shaida. Mutum biyu ake so, kowanne ya san ka aƙalla shekara 3. Ɗaya ya zama mai sana'ar da aka amince da ita, kamar likita, malamin makaranta, akanta ko limami, ko ɗan wace ƙasa ne. Ɗayan dole ya kasance yana da fasfon Birtaniya, kuma ko dai mai irin wannan sana'a ko wanda ya haura shekara 25. Kada su zama danginka, kada su zama dangin juna, kada ya zama lauyan da ke wakiltarka a wannan takardar. Mu nan muka fi tuntuɓe, don abin da ya fi sauƙi shi ne a sa ƙanin mata ko ɗan baffa. In sun gano, sai su rubuto a kawo wani, makonni sun tafi.

Na biyu binciken hali. Suna tuntuɓar 'yan sanda da hukumar haraji ta HMRC. Mai tuƙa tasi ko mai kai saƙo da ke zaman kansa, in lissafin harajinsa na shekara bai daidaita ba, fayil zai tsaya. Tarar hanya da maki a lasisin tuƙi su kaɗai ba kasafai suke hana mutum ba, ɓoye su ne ke hanawa, domin sai a rubuta ka a matsayin wanda ya yi yaudara, wannan kuwa ya fi laifin asali muni nesa ba kusa ba. Bashin asibitin NHS da ya kai fam 500, da hukuncin kotu kan bashi da ba a biya ba, duk suna shiga lissafi. Wanda ke da shari'a a gaban kotu kada ya sa ran amsa mai daɗi kafin a gama ta.

Na uku lissafin kwanakin waje da bai dace da bayanan da ke hannunsu ba. Birtaniya ba ta buga hatimin fita a fasfo, amma kamfanonin jirage suna ba ta bayanin fasinjoji. In ka rubuta tafiya tara su kuma suna ganin goma sha biyu, sai sun tambaya.

Alhaji na Bradford:
Tunda an taɓo lissafin kwanaki, a fayyace shi, don shi ke tsorata mutane su ƙi tafiya. Mai bin hanyar shekara 5, wato wanda ba ta aure yake nema ba, kada kwanakinsa a waje su wuce 450 a shekaru biyar ɗin, kuma kada su wuce 90 a wata 12 na ƙarshe. Mai auren ɗan Birtaniya ko 'yar Birtaniya shekara 3 ake duba masa, kwana 270, da 90 a shekarar ƙarshe. Ranar fita da ranar dawowa ba sa cikin lissafi, cikakkun kwanakin da aka yi a waje kawai ake ƙirgawa. Wanda ya tashi ranar 1 ga wata ya sauka ranar 20, kwana 18 ya yi. Ɗan abin da ya haura kaɗan suna yawan yafewa, har zuwa 480 a shekara biyar, 300 a shekara uku, 100 a shekarar ƙarshe, matuƙar sauran sharuɗɗa sun cika.

Abin da ya shafi tambayar Baban Ilham shi ne, wannan lissafi yana rufewa ne a ranar da suka karɓi takardarka. Baya ake dubawa daga wannan rana. Tafiyar da ka yi bayan ka miƙa ba ta shiga cikin 90 ɗin, ba ta shiga cikin 450.

Wani sharaɗin da ake mantawa: dole ka kasance a cikin Birtaniya da jikinka a ranar da shekaru biyar ɗin suka fara. Kafin ka danna tura, buɗe tsohon fasfo ka duba ina kake a wannan mako shekara biyar baya. In kana gida hutun sallah a lokacin, jinkirta turawar zuwa ranar da ta dace da bayan dawowarka. Wanda bai da tabbacin tafiye-tafiyensa yana iya neman Home Office ta ba shi bayanan da take riƙe da su a kansa, kyauta ne, amsa kan zo cikin wata ɗaya.

Bakatsine:
To ga inda na ce zan dawo. Alhaji, lissafi ya rufe, na yarda. Amma akwai sharaɗin niyya: mai nema yana sa hannu cewa Birtaniya ce za ta zama babban mazauninsa in an ba shi. Wanda ya miƙa takarda ya kwashe iyali ya tafi Abuja ya kama aiki, ya saki gidan haya, ya cire yara daga makaranta, ba zai ce ba abin da ya canza ba. Jagorar ma'aikatansu ta ce wanda zai yi fiye da wata shida a jere a waje, a bisa al'ada ana ɗauka bai cika wannan sharaɗi ba, sai da dalili na musamman. Saboda haka cewa "tafi abinka" ba tare da iyaka ba yaudarar mutane ne.

Alhaji na Bradford:
Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma a bambanta hutu da ƙaura. Sati uku na biki, wata ɗaya na jinya, Umarar goman ƙarshe, babu wanda zai kira su sauya mazauni muddin aikinka da gidanka da iyalinka suna nan. Kuma sharaɗin niyyar yana kan masu hanyar shekara 5 ne kawai. Mai nema ta hanyar aure da ɗan ƙasa, dokar ba ta ɗora masa shi ba.

Iyakar da ta fi wannan tsanani ita ce ta ILR kanta: shekara 2 a jere a waje, ta faɗi. Masu izinin dindindin na tsarin Tarayyar Turai, kamar 'yan'uwanmu da suka shigo da fasfon Italiya ko Jamus, shekara 5 ne nasu. Takardar neman ƙasanci ba ta ba ka izinin zama ko na kwana ɗaya, dole izininka ya kasance da rai har ranar rantsuwa.

Hajiya Maman Sadiq:
Ni na fi karkata ga Malam Bakatsine a nan, amma saboda wani dalili daban. In tafiya ta haura wata ɗaya, abin tsoron shi ne saƙon da zai zo ba ka gani ba. In suna son ƙarin takarda, imel suke turowa da ɗan gajeren wa'adi, sau da yawa bai wuce sati biyu ba. Ba ka amsa ba, sai su yanke hukunci da abin da ke gabansu. In aka ƙi, fam 130 na rantsuwa kawai ake mayarwa, babu ɗaukaka ƙara, sai dai roƙon a sake dubawa da fom ɗin NR, shi ma da kuɗinsa.

Don haka mai tafiya ya yi waɗannan kafin ya tashi. Ya tabbata imel ɗin da ya sa a fom yana buɗuwa a wayarsa ba tare da lambar sirri da ake turowa layin Birtaniya ba, ko kuma ya bar layin a kunne a waje. Mutane da yawa suna sauka Kano su cire layin su sa na gida, sai imel ya nemi lamba, lambar kuma ta tafi layin da ke cikin jaka. Ya riƙa leƙa akwatin tarkacen saƙonni kullum. Ya ajiye hoton duk takardunsa a waya: kowane shafi na fasfo, sabo da tsoho, takardun albashi, takardun haraji, shaidar jarrabawar Life in the UK da ta Turanci. Ya bar wa amintacce makullin gida ya riƙa duba wasiƙu. In lauya ne ya tura masa, saƙon wurin lauyan zai je, sai ya sanar da shi ranar tafiya da lambar da za a same shi.

'Yar Damagaram:
A ƙara da maganar dawowa, don nan ake tsayar da mutane a filin jirgi. Katin BRP, wato katin shaidar izinin zama, ya daina aiki tun 31 ga Disamba 2024, yanzu izinin yana cikin asusun intanet na UKVI, sashen biza na Home Office, abin da ake kira eVisa. Kamfanin jirgi yana duba izininka ne ta lambar fasfon da ke maƙale da asusun. Wanda ya je gida ya sabunta fasfo ya taho da sabo bai shigar da shi asusun ba, na'urar ba za ta gan shi ba. A shigar da sabon fasfo tun ana gida, kwanaki kafin tashi, a jira saƙon tabbatarwa. A ciro lambar rabawa daga asusun, wadda ake ba mai son duba izininka kuma ke aiki kwana 90, a buga ta a takarda saboda matsalar intanet a filin jirgi. A riƙe tsohon fasfo tare da sabo. Kuma in lambar fasfo ta canza ana cikin jira, a rubuta wa sashen ƙasanci a sanar da su, haka ma in an sauya gida, an yi aure, ko an samu matsala da 'yan sanda. Wajibin sanarwa yana kanka har ranar rantsuwa.

ILR kuma ta Birtaniya ce kaɗai. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana yana buƙatar biza zuwa Faransa ko Jamus, har ma da Ayalan. Najeriya da Gana suna cikin ƙasashen da ake nema wa bizar ratse a filayen jiragen yankin Shengen, ko da ba za a fita daga filin ba, don haka kafin a sayi tikiti mai sauƙi da ya bi ta Turai a bincika ƙa'idar ƙasar da za a ratsa. Ta Alƙahira ko Adis Ababa ko Doha, ko jirgin Landan zuwa Abuja kai tsaye, babu wannan ciwon kai.

Baban Ilham:
Madalla. To a zo kan rami na biyu da na uku da Hajiya ta ambata. In amsa ta fito mutum yana gida fa?

Hajiya Maman Sadiq:
Ba abin tashin hankali ba ne, in dai ya gani da wuri. Saƙon amincewa ba ya mayar da kai ɗan ƙasa. Gayyata ce zuwa bikin rantsuwa, kuma kana da wata 3 ka shirya shi da ƙaramar hukumar da kake zaune. Har zuwa lokacin da za ka yi rantsuwa a miƙa maka satifiket, kai mai ILR ne, da ita za ka dawo kamar kullum. Kana Kano kana iya kiran ofishin rajista na ƙaramar hukumar ko ka cike a shafinsu, ka zaɓi ranar da ta faɗo bayan dawowarka. Wanda ya nema daga cikin Birtaniya ba a yi masa rantsuwa a ofishin jakadanci a waje, sai ya dawo. In wata ukun za su ƙare saboda jinya ko rasuwa, a rubuta wa Home Office tun kafin su ƙare, a haɗa da shaida, a roƙi ƙarin lokaci. Wanda ya yi shiru har suka wuce yana iya wayar gari an ce ya sake nema daga farko, da sabon kuɗi.

Na uku kuma, don Allah a karanta da kyau. Daga minti ɗin da aka ba ka satifiket, ILR ɗinka ta gama aiki, domin ɗan ƙasa ba ya zama da izini. Satifiket ɗin kuma ba takardar tafiya ba ce, ba a shiga ƙasa da ita. Abu biyu kawai ke shigo da kai: fasfon Birtaniya, ko takardar shaidar haƙƙin zama da ake haɗawa da fasfonka na asali, wadda kuɗinta ya kai fam 589 a 2025, alhali fasfon babba ta intanet fam 94.50 ne a shekarar. Wanda ya yi rantsuwa Talata ya tashi Alhamis da koren fasfo zai fita lafiya. Dawowar ce matsala.

Bakatsine:
Ana cewa eVisa ba ta gogewa nan take, wasu suna dawowa da ita.

Hajiya Maman Sadiq:
Ko da allon ya ci gaba da nuna ta na ɗan lokaci, a doka ba ta da rai, kuma ba ka san ranar da za a sabunta bayanan ba, tana iya zama ranar da kake tsaye a layin awon kaya a Abuja. Daga 25 ga Fabrairu 2026 ma an ƙara ɗaure wa kamfanonin jirage, kowane fasinja sai na'ura ta tabbatar da izininsa kafin ya hau, mai ƙasa biyu kuma fasfon Birtaniya ko waccan takardar ake nema a wurinsa. Wanda ya maƙale sai ya nemi fasfon farko daga waje, wanda ya fi na cikin gida daɗewa. Takardar tafiya ta gaggawa kuma ba a cika ba wanda bai taɓa riƙe fasfon Birtaniya ba, sai a yanayi na musamman.

Maganin a hannunka yake, tunda kai ke zaɓar rana a cikin wata ukun. Tafiya ta kusa? Tafi da ILR, ka dawo, sannan ka yi rantsuwa. Tafiya da saura wata biyu ko fiye? Nemi rana mafi kusa, ko ka biya ƙarin kuɗi a yi maka bikin kai kaɗai, ka tura neman fasfo washegari.

Ɗan Zazzau:
Fasfon farko na babba ba shi da hanyar gaggawa, babu ta kwana ɗaya, babu ta sati ɗaya. Kusan sati 3 suke faɗa in komai ya daidaita, kuma suna iya kiran ka hira ta bidiyo don tabbatar da kai ne. Za su karɓi ainihin satifiket da fasfonka na asali, ke nan a wannan tsakani ko gida ba za ka iya zuwa ba, don ba ka da fasfo ko ɗaya a hannu. Kada a manna wa satifiket leda, ba sa karɓar wanda aka yi wa haka.

Abin da ya fi tsayar da namu shi ne suna. Ofishin fasfo yana so sunan da ke satifiket da na fasfon Najeriya su zama ɗaya harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can. Sunan gari a matsayin sunan ƙarshe a wata takarda, sunan mahaifi a wata. Mace da sunan miji a Birtaniya, da sunan uba a koren fasfo. In sun bambanta za su ce a fara gyara na wajen, gyaran fasfon Najeriya kuwa sai an fara gyara bayanan NIN. Wata da watanni ke nan. Lokacin jiran amsar AN shi ne lokacin da ya dace a jera takardu a kan tebur a duba wannan, tun ba a kai ga rantsuwa ba.

Maman Khalifa:
Yara fa? Da yawa tare ake tura nasu da na iyaye.

'Yar Damagaram:
Nasu ya fi buƙatar lura. Yaro ɗan ƙasa da shekara 18 rajista ake yi masa da fom ɗin MN1, fam 1,214 a farashin 2025, kuma ba ya rantsuwa. Ke nan babu ranar da iyaye za su zaɓa. Ranar da aka yi masa rajista ya zama ɗan ƙasa, satifiket ya biyo ta gidan waya. In wannan ta faru yana hutu wurin kakanni, ya faɗa ramin da Hajiya ta bayyana ba tare da kowa ya yi kuskure ba. Shi ya sa iyalin da ke da niyyar dogon hutu gara su jinkirta tura na yara har a dawo, sai dai in yaron ya kusa cika 18, domin dole takardar ta shiga kafin ranar.

Sai maganar haihuwa, wadda ta shafe mu sosai saboda al'adar tafiya goyon ciki gidan iyaye. Jaririn da aka haifa a Birtaniya, uba ko uwa na da ILR, ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwa, fasfo kawai za a nema masa. Wanda aka haifa a Zariya ko Maraɗi alhali iyayen ba wanda ya yi rantsuwa tukuna, ba ɗan Birtaniya ba ne, ko da saƙon amincewa ya riga ya iso. Sai an nema masa biza, daga baya a yi rajista. In an haife shi a waje bayan rantsuwa, ɗan ƙasa ne ta hanyar gado, amma shi ba zai gadar wa 'ya'yansa da aka haifa a waje kai tsaye ba. Bambancin kwana ɗaya tsakanin haihuwa da rantsuwa yana sauya duk wannan. Mai juna biyu da ke jiran amsa ta yi wannan lissafi da maigidanta tun kafin a yanki tikiti, wankan jego ana iya zuwa a yi shi bayan jariri ya samu fasfo.

Alhaji na Bradford:
Gargaɗi biyu ga 'yan'uwa da ba 'yan Najeriya ba. Wanda ya samu zamansa ta hanyar mafaka, kamar da yawa daga cikin mutanenmu na Sudan, maganar "tafi gida" ba ta shafe shi ba. Takardar tafiyarsa ta 'yan gudun hijira ba ta aiki zuwa ƙasar da ya gudo, kuma sabunta fasfon ƙasar ko komawa can yana iya sa a sake duba matsayinsa gaba ɗaya. Ya jira fasfo.

Na biyu ƙasa biyu. Sashe na 28 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya yarda ɗan ƙasa ta haihuwa ya riƙe wata ƙasar. Gana ta yarda, Nijar ma ta yarda tun gyaran dokar 2014. Kamaru ba ta yarda ba, don haka ɗan Garwa ko Ngaundere ya san abin da rantsuwar za ta jawo wa fasfonsa na asali kafin ya tsaya. Ɗan Najeriya kuma kada ya bar koren fasfo ya mutu don ya samu sabo, domin da fasfon Birtaniya kaɗai sai ya nemi biza zuwa garinsu.

Baban Ilham:
Saura abu ɗaya. Wata shida sun wuce, ba amsa, ba a nemi komai ba. Me mutum zai yi banda addu'a?

Ɗan Zazzau:
Mataki-mataki ake bi. Fara da duba imel da tarkacensa tun daga ranar zanen yatsu, da tambayar masu shaidarka ko an tuntuɓe su. Sai ka rubuta wa sashen ƙasanci gajeren saƙo: cikakken suna, ranar haihuwa, lambar takarda mai lamba 16, ranar turawa, ranar zanen yatsu. In akwai dalilin gaggawa, kamar aikin da ke buƙatar ƙasanci, a haɗa da shaida. Ba a ji komai ba, a shigar da ƙorafi ta shafin ƙorafin UKVI, suna da kwanakin aiki 20 su amsa. A lokaci guda a rubuta wa ɗan majalisar mazaɓa, a sa adireshi cikakke don ya tabbata kai ɗan mazaɓarsa ne. Ofisoshinsu suna da hanyar tuntuɓar Home Office ta daban, kuma ba sai kana da ƙuri'a ba. Ba zai sa a amince ba, amma yakan sa a faɗi inda fayil ya tsaya.

In an doshi shekara ba wani bayani, lokacin lauya ya yi. Zai rubuta wasiƙar gargaɗin zuwa kotu, wadda ake ba su kwana 14 su amsa. A tabbata lauya ne mai rajista, ko mai ba da shawara da ke ƙarƙashin hukumar IAA, wadda ake kira OISC kafin Janairun 2025. Duk wanda ya ce yana da mutum a ciki da zai ɗaga fayil in an ba shi wani abu, a guje shi.

Kada kuma a janye takarda don a sake turawa da tunanin sabuwa za ta fi sauri. Kuɗin ya tafi, layin ya koma farko, kuma lissafin kwana 90 zai buɗe daga sabuwar rana, har da tafiyar da aka yi ana jira.

Maman Khalifa:
Malam, wanda ya yi rajistar Hajji ta Nusuk, shafin Saudiyya na rajistar mahajjata, da koren fasfo, sai gayyatar rantsuwa ta zo masa saura sati biyar a tashi?

Ɗan Zazzau:
Ya bar rantsuwar sai ya sauko, Hajiya. Bizarsa tana kan koren fasfo, shaidar zamansa ILR ce, sati biyar kuma ba su isa a dogara da su wajen fasfon farko ba, balle ofishin fasfo zai riƙe koren. Ya ƙirga daga ranar da ke jikin gayyatar: sati biyar kafin tashi, sati uku a Saudiyya, ya rage masa kusan sati biyar cikin wata ukun. Ya kira ƙaramar hukuma yau ya kama rana a satin da zai dawo, don gurabe kan cika a lokacin bazara.